Fashin Baƙi: Me Ya Sa Gwaninka Yake Faɗuwa a Gasar Waƙa ta Talabijin?

A watan Afrilun 2004, gasar American Idol ta Amurka tana zangonta na uku, 'yan takara sun rage saura bakwai. Da aka ƙirga ƙuri'un wannan makon, mutum ukun da suka zo ƙarshe su ne Fantasia Barrino da LaToya London da Jennifer Hudson, wato matan nan uku da kusan kowa ya yarda sun fi sauran murya. Hudson aka sallama a daren, ta tashi a ta bakwai. Shekara uku bayan haka ta karɓi kyautar Oscar saboda rawar da ta taka a wani fim na waƙe-waƙe. Har yau in musu ya tashi kan ko akwai adalci a irin waɗannan gasanni, da wannan daren ake kafa hujja.

A Najeriya ma haka abin yake tun daga Idols West Africa ta 2007, wadda Timi Dakolo ya ci Omawumi ta zo ta biyu, har zuwa Project Fame da Nigerian Idol da The Voice Nigeria. Duk daren da aka sallami wani, sai ka ji masoyansa suna cewa an yi maguɗi, ko alƙalan ba su da kunne, ko dai kuɗi ne ya yi aiki. Wani lokacin suna da gaskiya cewa wanda aka kora ya fi wanda aka bari murya. Inda suke kuskure shi ne zaton da suke yi cewa murya kaɗai ake aunawa. Abin da ya iso kunnen mai kallo ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso, ita kuma ƙuri'a wata tambaya daban take amsawa, ba wadda mai kallo yake zato ba.

Kunnen da muke zuwa da shi

Bahaushe mai kallon irin wannan gasa yana zuwa da ma'auninsa na gida. A wajenmu in aka ce wane mawaƙi ne, ana nufin mai shirya baiti: azancinsa, yadda yake saƙa magana, habaicinsa da zambonsa da kirarinsa, da yadda yake jan 'yan amshi. Da yawa daga manyan makaɗan gargajiya ba zaƙin murya ne ya ɗaukaka su ba, fasahar magana ce. Gasar talabijin kuwa ta juya wa wannan ma'auni baya. Ɗan takara waƙar wani yake rerawa, galibi wadda masu kallo suka riga suka haddace, don haka ba a tambayar me ya faɗa, sai dai yaya ya faɗe shi.

Sannan akwai abin da situdiyo ta yi wa kunnenmu. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, mafi yawan waƙoƙin da ake saurara, har da na finafinan Hausa, sai an miƙar da muryar mawaƙi da kwamfuta kafin su fita kasuwa. Kunnen da ya saba da wannan, in ya ji murya tsirararta a kan dandamali, yakan ɗauki 'yar rawar da kowace murya mai rai take yi a matsayin kuskure. Ba kowace 'yar karkata ba ce kuskure, kamar yadda ba kowane ihu mai tsawo ba ne gwaninta.

Inda aka ɗora waƙar

Mafi yawan 'yan takara tun kafin su hau dandamali suke faɗuwa, a ranar da aka zaɓi waƙa aka yanke matakin da za a ɗora ta, abin da masu situdiyo suke kira "ki". A allon fiyano, daga wani sauti zuwa takwaransa na sama akwai matakai 12, wannan tazarar ita ce oktaf. Mawaƙin da bai sami doguwar horaswa ba yakan iya sarrafa oktaf ɗaya da rabi zuwa biyu cikin natsuwa. Manyan waƙoƙin soyayya masu hawa, waɗanda 'yan takara suke rububi a kansu, sukan cinye kusan duk wannan faɗin. Ke nan babu wurin yin kuskure: in an ɗaga waƙar da mataki biyu don baitin farko ya fito sarai, ƙololuwarta ta wuce inda maƙogwaro zai kai, in an sauke ta don a tsira a ƙololuwa, baitin farko sai ya nutse ya koma gunaguni, ana jin iska ba a jin kalma. Matsalar takan ƙaru in namiji ya ɗauki waƙar mace ko mace ta ɗauki ta namiji, domin sau da yawa sai an matsar da ita mataki 5 zuwa 7, kuma ba kowace waƙa ce take jure wannan ba tare da ta rasa armashinta ba.

Akwai kuma wata mahaɗa a cikin kowace murya, inda muryar ƙirji, wato ta ƙasa, take miƙa wa muryar kai, wato ta sama, aiki. Wurin yana da santsi. In aka yi rashin sa'a dogon sautin da za a riƙe a ƙarshen waƙa ya faɗo daidai kan wannan mahaɗa, muryar takan tsage ko ta yi siriri farat ɗaya. Matsar da waƙar da mataki ɗaya kacal, sama ko ƙasa, yana iya kawar da matsalar gaba ɗaya. Saboda haka in ka ji alƙali ya ce "waƙar nan ta fi ƙarfinka", sau da yawa abin da ya faru shi ne an ɗora ta a inda bai dace ba, kuma mai yiwuwa ba ɗan takarar ne ya yanke wannan shawara shi kaɗai ba.

Ƙara da cewa ana datse waƙar. Wadda mai ita ya rera a minti huɗu sai a matse ta zuwa daƙiƙa 90 ko minti biyu. A zagayen farko na The Voice, inda alƙalai suke juya baya, kimanin daƙiƙa 90 ake bayarwa. Abin da ake yankewa kuwa shi ne baiti na biyu da wurin da makaɗa suke kiɗa su kaɗai, wato daidai wuraren da mawaƙi yake hutawa ya tara numfashi. Sai ya zamana daga farawa zuwa ƙololuwa bai kai minti ɗaya ba. Mai waƙar na asali bai taɓa hawanta da wannan gaggawar ba.

Shi kansa matakin, a farkon mako ake zaɓarsa, murya tana da ƙarfinta. Daga nan sai gwaji kullum, hira da 'yan jarida, ɗaukar tallar masu ɗaukar nauyi, rashin barci, da zama cikin sanyin na'urar sanyaya ɗaki mai busar da maƙogwaro. Tantanin murya nama ne: in mawaƙi ya rera sautin da ake saita kayan kiɗa da shi, sau 440 tantanin yake kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma yana kumbura in an wahalar da shi. Da ya kumbura, sautukan sama ne suke fara tafiya. Abin da aka rera cikin sauƙi ranar Talata sai ya gagara ranar Lahadi da daddare, ga fitilu ga kyamara.

Mai kunne yana iya gane wace irin matsala ce daga yadda muryar ta kauce. In tana zubewa ƙasa a ƙarshen kowane layi, numfashi ne ya ƙare, ko dai bai shaƙa sosai ba ko ya ɓarnatar da shi a farkon layin. In tana ɗan haurawa sama da inda ya kamata, kuma yana riga kiɗa gudu, tsoro ne: zuciya tana bugawa, baki ya bushe, yana tura murya da ƙarfin tsiya. In kuwa tun daga farko har ƙarshe a gefen kiɗan yake tafiya da tazara iri ɗaya, to mafi kusa shi ne ba ya jin kansa.

Abin da mawaƙi yake ji a kan dandamali

Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu kallo suka fi jahilta. Manyan lasifikokin zaure masu kallo suke fuskanta, ba mawaƙi ba. Shi abin da yake dogaro da shi ƙaramar na'ura ce a kunnensa, ko lasifikar da aka ajiye a gaban ƙafarsa, wadda wani injiniya daban yake haɗa masa sautin da zai ji. In injiniyan ya cika masa ganga ya rage fiyano, ya rasa abin da zai jingina muryarsa da shi. In na'urar ta ɗauke, abin da ya rage masa shi ne amon da yake dawowa daga bangon zaure. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. A zauren da tsawonsa ya kai mita 30, zuwa da dawowa mita 60 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A takarda ba komai ba ne, amma ya isa ya sa mutum ya riƙa bin kiɗa a baya kamar mai jan ƙafa. Duk sanda ka ga ɗan takara ya kai hannu ya fizge abin kunnensa a tsakiyar waƙa, ba salo ba ne, yana neman hanyar tsira ne.

Riƙe makirufo ma sana'a ce. Duk sanda tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin sautin yana raguwa da kimanin desibel 6. Daga santimita 3 zuwa 12 an ninka sau biyu ke nan, an yi asarar desibel 12, kuma wannan 'yar karkatar hannu ce kawai. Gwani yakan kusanto da makirufo a wurin da yake rera a hankali, ya ɗan janye shi in zai buɗe murya. Sabon shiga yakan yi akasin haka ba da saninsa ba: kunya ta sa ya nisanta shi a baitin farko, zumuɗi ya sa ya manna shi a baki a ƙololuwa, sai farko ya ɓace ƙarshe ya fashe. Wasu kuma sukan dunƙule hannu a kan makirufon, suna kwaikwayon abin da suka gani a bidiyo. Wannan yana toshe ramukan bayan kan makirufon, muryar ta fito kamar daga cikin tulu, wani lokacin ma lasifika ta yi ƙara mai huda kunne.

Sai batun karairaya murya, wato bin sautuka da yawa a kan gaɓa ɗaya ta kalma. Nan ne masu kallo da masana suka fi raba hanya. Zaure yakan ɓarke da tafi da zarar an fara, alhali abin dubawa biyu ne: kowane sauti a cikin jerin ya fito daban da ɗan'uwansa, ko sulalewa kawai aka yi daga sama zuwa ƙasa? Kuma da aka gama, an dawo kan kiɗa a kan lokaci? Wanda yake karairaya kowane layi, galibi yana gudun riƙe sauti ɗaya ne a miƙe, domin a nan ake gane wanda ya iya. Daƙiƙa biyar a kan sauti ɗaya, a hankali, ba rawa ba zubewa, ta fi duk wannan kwalliyar wuya.

A ƙarshen wannan doguwar hanya kuma akwai wayar hannu, wadda da ita yawancin mutane suke kallon guntayen shirin. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sautukan ƙasa. Namiji mai kaurin murya, wanda a zaure yake girgiza ƙirjin mutane, a waya sai ya fito fayau ba nauyi, mai siririyar murya mai kaifi kuwa ta fito tar. Kafin mutum ya yanke hukunci a kan ɗan takara, ya kamata ya sake saurarensa da abin sawa a kunne, ya kifa wayar kada ya ga fuska ko tufafi ko hawayen alƙalai. Sau da yawa ra'ayi yakan canza.

Hannun masu shirya shiri

Zagayen tantancewa ba kai tsaye ake nuna shi ba. An ɗauke shi tun da daɗewa, kuma kafin mutum ya tsaya gaban alƙalan da ake gani a talabijin, ma'aikatan shirin sun riga sun tace dubban mutane a bayan fage, sun zaɓi masu kyau sun kuma zaɓi waɗanda za a yi wa dariya. Daga nan mai tace hoto ne yake yanke wanda za a nuna gidansu da mahaifiyarsa da labarin wahalarsa na minti biyar, da wanda za a wuce da shi a daƙiƙa goma. In aka zo matakin ƙuri'a, na farkon ya riga ya zama ɗan gida a wurin masu kallo, na biyun baƙo ne. A 2010 masu shirya The X Factor ta Ingila sun amsa cewa an gyara muryoyin wasu masu neman shiga da na'ura kafin a watsa shirin, bayan masu kallo sun gano da kunnensu. The Voice, wadda aka faro a ƙasar Holan a 2010, ta zo da dabarar juya kujera don murya kaɗai ta yi magana, amma da kujera ta juyo makanta ta ƙare, sauran gasar da ido ake yi.

Jerin fitowa ma yana da tasiri. Wani bincike da Lionel Page da Katie Page suka wallafa a 2010, bayan nazarin gasannin Idol na ƙasashe da dama, ya nuna waɗanda suke fitowa a ƙarshen shiri sun fi tsira. Dalilin a fili yake: shi ne na ƙarshe a kunne lokacin da aka buɗe ƙuri'a. Masu shiri sun san haka, kuma su suke tsara jerin.

Lissafin ƙuri'a

A yawancin waɗannan gasanni wanda kake so kake zaɓa, ba wanda kake so a kora ba. Wannan ɗan bambancin shi ne tushen yawancin abin da ake kira maguɗi. Ɗan takarar da kowa yake cewa ya iya, amma kowa na biyu ya ɗauke shi, yana iya tashi da ƙuri'a kaɗan ƙwarai, domin ba a kaɗa wa na biyu. Wanda rabin masu kallo ba sa iya jinsa, amma yana da tsirarun da suke mutuwar sonsa, shi zai kwana a gasar. Ƙiyayya ba ta da akwati.

Daga nan ne ake fahimtar daren 2004. Mata uku masu salo iri ɗaya suna ɗiba daga rijiya ɗaya, sai suka raba masoya irin wannan waƙa gida uku, waɗanda ba su da kishiya a salonsu kuwa kowa ya kwashe nasa shi kaɗai. Haka zai faru a kowace gasa in aka sami mutum biyu masu salon waƙar coci, ko samari biyu masu jan hankalin 'yan mata, ko 'yan jiha ɗaya su biyu.

Sannan ba mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ne. Ana barin mutum ya kaɗa da yawa, ta saƙon waya ko shafin intanet ko manhaja, kuma a shirye-shiryen da ake nunawa ta DStv da GOtv, yawan ƙuri'ar da manhaja take ba ka yakan danganta da girman tsarin da kake biya. A ɗauki misali: mutum 1,000 da suka zauna kowa ya kaɗa 100 sun tara 100,000, mutum 20,000 da suka kaɗa biyu-biyu suka wuce sun tara 40,000. Ɗan takarar da mutum 20,000 ɗin suka zaɓa ya fi yawan masoya ninki ashirin, amma shi zai tafi gida. Abin da ake aunawa shi ne naci da tsari da kuɗin data, shi ya sa ƙungiyar coci ko ta makaranta ko ta 'yan gari ɗaya takan fi dubban masu yabo a Facebook amfani. Akwai kuma sakaci: in alƙalai suka cika yabon mutum, masoyansa sai su ɗauka ya tsira su kwanta barci, in kuwa suka yi wa wani kaca-kaca, tausayi ya tashi mutane tsaye. Caccakar alƙali sau da yawa kamfe ce kyauta.

Wani lokacin ma da gangan ake yi. A 2007 wani shafin intanet mai suna Vote for the Worst, wanda aikinsa shi ne tara wa wanda ake ganin ya fi rauni ƙuri'a don a kunyata shirin, ya goyi bayan Sanjaya Malakar a American Idol. Ya kai har matsayi na bakwai, daidai inda Jennifer Hudson ta tsaya. A 2009 shirin ya ba alƙalai damar ceto mutum ɗaya da ƙuri'a ta kayar, sau ɗaya a zango, wanda amsa laifi ne a fakaice cewa akwatin yana kuskure. Wani lokacin kuma murya da dalilin da ya wuce murya sukan haɗu a kan mutum ɗaya, kamar Mohammed Assaf, matashin Gaza da ya ci Arab Idol a 2013: ya iya waƙa ba musu, amma dubban da suka fito tituna a garuruwan Falasɗinu a daren ba makin murya suke murna da shi ba.

Su alƙalan, a zagayen kai tsaye galibi bakinsu ne kawai yake aiki, hukunci yana hannun masu kallo. Kuma a zaure suke zaune, suna jin sauti daban da wanda aka haɗa wa talabijin, ga ihun jama'a a bayansu. In alƙali ya miƙe tsaye yana tafa wa abin da kai ka ji da kuskure a gida, mai yiwuwa ku biyun duka kun faɗi gaskiyar abin da kuka ji.

Bayan an kashe fitilu

Cin gasa yana iya zama tsani: Iyanya da ya ci Project Fame ta farko a 2008, Chidinma da ta ci a 2010, Mercy Chinwo da ta ci Nigerian Idol a 2012, duk sun yi nisa. Amma jerin waɗanda suka ci aka daina jin ɗuriyarsu ma yana da tsawo, haka jerin waɗanda suka faɗi suka yi suna. Ƙungiyar mawaƙa ta One Direction na uku suka zo a The X Factor ta 2010. Praiz na uku ya zo a shekarar Iyanya. Dalili shi ne ranar da gasa ta ƙare ma'auni yakan koma irin wanda Bahaushe ya sani tun farko: ina taka waƙar, me ka ce a cikinta? Makonni goma na rera waƙoƙin wasu ba su taɓa yi wa ɗan takara wannan tambayar ba. Johnny Drille ya shiga Project Fame a 2013 bai ci ba, sai a 2017 kamfanin Mavin ya ɗauke shi. Chike ya zo na biyu a bayan A'rese a The Voice Nigeria ta 2016, kuma sai da ya shekara huɗu kafin ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko a 2020.